Ranar da Na Gyara wa Kawu Waƙar Noma

Shekarun baya can da nisa, lokacin Nasara ba su fi damina huɗu da cin ƙasar nan ba, na taɓa yin wata gwaninta da ta kusa jawo wa gidanmu yunwar shekara guda. Har yau in na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai, jikokina su yi ta kallona suna zaton tsufa ne.

A lokacin ina saurayi, shekarata shida a Jega wurin wani malami ina karatun littattafai. Na fara taɓa nahawu, na haddace waƙoƙin wa'azi da yawa, kuma Allah ya ba ni murya, wannan kam ba yabon kai ba ne. Abin da ya ɓata ni shi ne ɗan sanin nan da na samu. Ba wanda zai yi magana a gabana ban auna ta ba. Ko mai albasa daga Aliero ya ɗaga murya yana talla a kasuwa, sai in ji kamar in tsayar da shi in gyara masa. Abokaina har sun koyi yin shiru in sun hango ni tafe.

Ana tsakiyar damina aka aiko mini daga garinmu Jandutsi cewa mahaifina yana kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu. Na isa gida na tarar ba ya ko iya taka ƙasa. Gonarmu ta gero kuwa, wadda ke nan bayan gari kaɗan, ciyawa ta kai gwiwa. Ita muke ci, ba mu da wata. Mahaifiyata ta riga ta roƙi gayya, mazan gari su taru rana ɗaya su nome gonar, ita kuma ta ciyar da su. Sai ga dogarin hakimi yana bin gari da shela, wai ranar Lahadi duk mai ƙarfi zai fita sharar hanyar da Nasara ke so a buɗe, kuma ba wanda ya san ranar dawowa. Asabar kaɗai ta rage mana. In ba a gama gonar ran nan ba, geron ya zama na ciyawa ke nan.

To, gayya ba ta tafiya sai da ganga. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne makaɗin noma na Mungadi, kuma duk yankinmu ba wanda ya kai shi iya zuga manoma. Ya iso ranar Juma'a da yamma, ganga a rataye, amma da ya buɗe baki zai gaishe mu sai muka ji iska kawai ke fita. Ashe gayya uku ya yi a jere, daga Kimba har wajen Maiyama, don kowa na gaggawar gama gonarsa kafin aikin hanya. Murya ta dushe ƙurmus.

Mahaifiyata ta dafe ƙirji. Kawu ya yafito ni, na kai kunne kusa da bakinsa.

"Hannu na nan lahiya lau," in ji shi da raɗa. "Kai Malam, ai tun kana goye kaka jin waƙoƙin ga. Ni in kaɗa, kai ka yi waƙa."

Wayyo daɗi! Ban san lokacin da na ce to ba. Gari guda zai ji muryata, har da wasu 'yan mata da nake so su ji. Na ɗauki allona na koma gindin tsamiyar ƙofar gida, na shiga tuno waƙoƙin Kawu ina rubutawa. A nan ne Shaiɗan ya same ni. Da na ga waƙar a rubuce sai na ga duk gurguwar magana ce. Babbar waƙarsa ga yadda take farawa:

Ciyawa ci gona, gero kuka,
Maza duƙa, ƙarfe sha ƙasa.

Na ce subhanallahi, wannan ai maganar yaro mai koyon baki ce. Shekara talatin Kawu yana yawo da wannan, ba wanda ya tausaya masa ya gyara? Na wanke allon, na sake rubuta ta yadda mutum mai hankali zai faɗa: ciyawa ta cinye gonar, gero yana kuka, maza ku duƙa, ƙarfe ya sha ƙasa. Na bi sauran waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya na cike musu duk abin da na ga ya faɗi. Na duba aikina na ji na yi wa dangi abin alheri. Ban nuna wa Kawu ba, na ce gara ya ji a gona, abin ya zo masa ba zato.

Asabar da sassafe maza suka cika bakin gona, sun fi talatin, har da waɗanda suka biyo Kawu daga Mungadi. Ga wanda bai taɓa ganin gayya ba, ga yadda take. Ana jeruwa kafaɗa da kafaɗa, kowa da kunyarsa. Ganga tana bugawa, mawaƙi yana bayarwa, fartanyu suna sauka tare a kan bugun. In ya kai ƙarshen baiti sai duk su amsa "Sha ƙasa!" su ɗaga ƙafa su ci gaba taki ɗaya. Ba wanda ke duban na kusa da shi, kunne ne ke yin aikin. Shi ya sa mutum talatin ke sara a matse ba wanda ya taɓa wani.

Kawu ya saki kiɗa. Na hau wani ɗan tudu, na gyara hula, na buɗe murya. Kai, muryar ta fita! Ni kaina na ji daɗinta. Sai dai kafin in kai ƙarshen layin farko ganga ta riga ta wuce ni. Wasu suka bi ganga suka sara, wasu suka tsaya da fartanya a sama suna jiran in ƙarasa. Amshin ya zo a warwatse, nan "sha", can "ƙasa". Kawu ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka mamakin gyaran yake yi, na gyaɗa masa kai na ƙara ƙaimi.

Ya yi ƙoƙari, Allah ya ji ƙansa. Ya ja kiɗan ya rage sauri don ya ba ni wuri, sai noman ya koma kamar na masu jinya. Ya mayar da sauri, sai na shiga tuntuɓe da kalmomi. Sahu ya karkace. Fartanyar wani abokina ta haɗu da ta maƙwabcinsa har wuta ta yi tartsatsi, suka miƙe suna zagin juna. Wani ya sare gero uku a jere don ya rasa inda zai sauke hannu. Kawu yana ta yi mini magana, amma mutumin da ba shi da murya, ga ganga a hammatarsa, wa zai ji shi? Ni kuwa a zuciyata cewa nake yi mutanen ƙauye ne, ba su saba da magana daidai ba, za su saba.

Hantsi ya dubi ludayi ba mu ci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na ji wani dattijo daga Mungadi yana cewa in haka za a yini, gara ya koma ya ga tasa gonar kafin gobe. Amma har lokacin ban ga laifina ba.

Sai ga mata da ƙoren fura, mahaifiyata a gaba. Ta sauke ƙwarya, ta dubi inda aka nome, ta dubi inda ya rage. Ta je wurin yayanta ta kai kunne, ya yi mata raɗa yana nuna ni da sandar kiɗa. Ta taho inda nake, tana tafe tana ɗaure zane.

"Mi kaka yi ma waƙar Yaya?"

"Gyara ta nike, Inna. Duk kurakurai ne, wasu kalmomin ma babu su."

"Babu su." Ta karɓe allon daga hannuna ta kifa shi a kan ƙwarya. Ta juya ta karɓi fartanyar mahaifina daga hannun wata maƙwabciyarmu, ashe da ita ta fito daga gida. "Ga ta ubanka. Sauko, shiga sahu. Ka yi muna waƙar taka mai kyau kana duƙe, mu gani."

Mutane suka yi dariya, har da 'yan matan nan. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma wa ya isa ya musa wa mahaifiyata a gaban jama'a? Na tuɓe riga, na shiga tsakanin abokina da dattijon Mungadi, Kawu ya saki kiɗa.

Na duƙa, na ɗaga fartanya, na fara: "Ciyawa ta cinye…" Fartanya ta sauka, numfashina ya tafi tare da ita, sauran maganar ta maƙale. Na sake gwadawa, haka. Ashe duk saran da mutum ya yi sai ƙirjinsa ya fitar da iska, ko yana so ko ba ya so, kuma tsakanin sara da sara ba wurin da zai ɗauki duk kayan da na loda wa waƙar. A karo na uku ban yi wani tunani ba, bakina da kansa ya zubar da abin da ba zai iya ɗauka ba. Sai na ji ina cewa, "Ciyawa ci gona, gero kuka." Kalma, sara, kalma, sara. "Maza duƙa, ƙarfe…"

"Sha ƙasa!"

Mutum talatin da murya ɗaya! Fartanyu suka sauka tare har na ji ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba, ko ranar da na yi sauka. Kawu ya daka tsalle da ganga, ya biyo bayanmu yana kiɗa yana dariyar da ba ta da sauti. Mata suka rangaɗa guɗa. Sahu ya miƙe, muka shiga cin kunya bayan kunya, ciyawa tana kwanciya a bayanmu.

Daga nan kuma sai na fi Kawu ɓarna. Na hango abokina yana satar kallon ƙoren fura, sai na jefa masa: "Mai tumbi duba fura, kunya jira!" Gona ta ɗauki ihu, shi kuma ya sunkuyar da kai ya shiga sara kamar zai haƙa rijiya. Na kama dattijon da ya ce zai tafi, na yi masa kirari da magana guntu-guntu wadda da a Jega na ji wani ya yi ta da na kama kunnensa. Bai tafi ba, shi ne ma ya riƙa jan sahu. Tafin hannuna ya yi ƙulu ya fashe, ban sani ba sai da muka tsaya sallar azahar. Rana tana gab da faɗuwa muka sare ciyawar ƙarshe a gindin kukar da ke iyakar gonar, na zube a wurin ina haki, murya ta tafi kamar ta Kawu.

Washegari muka fita aikin hanya. Da muka dawo gero ya fi ni tsawo, kuma a shekarar rumbunmu ya cika.

Bayan kaka na koma Jega na ba malamina labari, ina jiran faɗa. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya jawo wani littafi ya buɗe can wajen ƙarshe, ya nuna mini babin da malamai suka yi a kan lalurar waƙa, inda aka yarje wa mawaƙi ya rage, ya ƙara, ya juya magana don karin waƙa ya zauna. Ya ce, "Ba ka kai nan ba tukuna. Kawunka ya riga ka."

Yanzu ni ma ina rubuta waƙa, ina kuma karantar da nahawu, kuma ban daina son magana daidai ba. Amma ba na yarda da baiti sai na tashi na taka shi da ƙafa a tsakar gida na ji ko numfashi zai ɗauke shi. In ɗalibi ya kawo mini ƙarar wani mawaƙi wai ya karya ƙa'ida, nakan tambaye shi ko ya san aikin da ake yi da waƙar.

Akwai abu ɗaya da na ajiye sai yanzu. Ran gayyar, da muka dawo gida, na shiga gaishe da mahaifina. Gonar ba ta da nisa, ashe tun safe yana kwance yana sauraron komai, kuma manomi ne, da kunne kaɗai ya san abin da ke faruwa. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya daɗe yana duban inda ya fashe.

"Da sahe," in ji shi, "nij ji wani babban malami shina kashe min gero, nic ce Allah shi isam min. Da hantsi yay yi, sai nij ji ɗana ya zo."