Kwaɗon da ke kan garin Kawu

Shekarar da 'yan bindiga suka yi ta cin garuruwan arewacin jiharmu, ina aiki a wani babban sito a Jimeta, muna raba sabulu da man girki da ɗanɗanon miya ga masu shaguna. Kamfanin da ke ba mu kaya ya ɗora mana wata manhaja a kwamfuta. Ta nan ake tura oda, ta nan ake ganin abin da ya rage a sito, ta nan kuma hedkwatar kamfanin a Legas ke leƙen asirinmu. Wanda aka turo ya koya mana ita ya wuni yana cewa abin ba wuya, alhali shi ma da ya ɓace a ciki sai da ya fita waje ya kira ogansa a waya.

Manhajar nan ɗaki ce cikin ɗaki. Ka danna abu ta tambaye ka ko ka tabbata, ka ce ka tabbata ta sake tambaya, kamar surukar da ba ta yarda da kai ba. Madannin komawa baya kuwa ba baya yake mayar da mutum ba, waje yake jefa shi, sai ka sake sallama da lambar sirri. Na zage ta da Hausa, na zage ta da Fulatanci, ba ta ma san ina yi ba.

Shafi ɗaya ne ba ya wahalar da ni, shafin garuruwa. Duk garin da motar kamfani ke zuwa yana da ɗan akwatinsa. In hanya a buɗe take, akwatin kore ne. In kamfani ya rufe ta, sai ya koma ruwan toka, ko ka danna har yatsanka ya kumbura ba zai motsa ba.

Ana cikin haka Kawu, yayan mahaifiyata, ya iso gidanmu a Bekaji da ƙafafu a kumbure. Shago ne da shi a can arewa, tsohon kwastomanmu ne ma, ya gudo ta cikin duwatsu da makullin shagon ɗaure a mazagin wando. Dada, wato mahaifiyata, ta ba shi ɗakin zaure, ya zauna yana raina mana komai. Kifin tafkin Njuwa ba maiƙo, zafin Yola na 'yan wuta ne, masu keke duk mahaukata. Gida yake so ya koma, mu kuma mun san in ya koma ba lokaci ba, gawarsa ma ba za mu gani ba.

Rediyo bai yarda da ita ba, gwamnati balle a yi magana. Ni ce da surutuna na ba shi labarin akwatunan nan, washegari sai ga shi a ofis. Na nuna masa garinsu, ruwan toka. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne mai gaskiya," in ji shi. "Gwamnati zai ce ka koma, don ba kai nashi ba ne. Kamfani ba ya wasa da mota nashi. Ran da ya zama kore, na tafi."

Shi ke nan na samu abokin aiki da ba albashi. Kullum da hantsi keke zai sauke shi, ya ja benci ya zauna kusa da ni, ya duba garinsu, ya sha shayin ofis ya kushe shi, ya koma. Manajanmu, wani dattijo dikon a cocinsu, ya so ya yi magana, sai ya tuna shi ma garin surukansa ruwan toka ne, ya shiga leƙowa ta bayan Kawu. Dada ta ji daɗi, ta ce ashe akwai ranar da aikina zai yi amfani.

Wata safiya na kunna kwamfuta ta ce in jira, tana sabunta kanta. Da ta gama sai na tarar an sauya mata kaya kaf. Madannin oda ya yi hijira zuwa ƙasa, madannin fita ya ɓuya a bayan wasu ɗigo-ɗigo. Ina can ina neman hanya ina masifa, manaja ya kira ni sito. Shafin garuruwa na bari a buɗe ban ko duba ba.

Da na dawo benci ba kowa. Mai gadi ya ce tsohon ya zo, ya leƙa, ya fita yana kabbara. Na duba: garin Kawu kore shar. Har na fara murna, sai na ga kowane gari kore ne, har wanda jiya-jiya aka ce an ƙona kasuwarsa. Na ja maus na kai kibiyar allo kan garin Kawu, sai ga ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito a gefe. Na janye kibiyar, ya ɓace. Wato wani mai hikima a Legas ya ga ruwan toka ba ya yi wa shafi kyau, ya shafe kowa da kore, ya ɓoye kwaɗon sai wanda ya taɓa.

A tasha na same shi, jakarsa a kan cinya, yana jiran mota ta cika. Na yi bayani ya ce idonsa ya gani, kuma gani ya kori ji. Na ce to ya zo ya ƙarasa ganin. Da ƙyar na sako shi a keke, yana faɗa wa mai keken wai Dada ce ta haɗa baki da ni.

Na zaunar da shi a kujerata, na ɗora hannunsa a kan maus, na ja shi a hankali har kibiya ta hau garinsu. Kwaɗon ya fito. Manaja ya cire tabarau yana gogewa. Na zaci Kawu zai zagi kamfani, har na shirya taya shi.

"'Yata," ya ce, "kawar da kibiyan nan daga kan gari na."

Na kawar. Ya zauna yana kallon koren nan har azahar, jakarsa a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, shayi ya huce bai kushe shi ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, ban kuma taɓa tsanar launi haka ba.

Daga baya hanya ta buɗe da gaske. Ya sa na riƙe kibiyar a kan garin har hannuna ya gaji, kwaɗo bai fito ba, sannan ya tafi. Shagon ya ƙone, makullin kawai ya rage, ya sake gina wani.

Yanzu manhajar a waya take, ba maus ba kibiya, sai dai ka danne akwatin da yatsa ka riƙe. Kawu ya tsufa, yana can a ƙofar shagonsa, jikoki na auna masa sukari. Amma duk ran da aka ji ƙarar wani abu daga wajen duwatsu, wayata za ta yi ƙara. Mutum yana zaune a tsakiyar garinsu, ni ina Jimeta, ko gaisuwa ba ya ƙarasawa.

"Danna ka riƙe," zai ce. "Akwai kwaɗo?"

Nakan danna in riƙe, kuma har yau numfashina ba ya sauka sai na ce masa babu.