Faifan Kaka Tumba a Murfin Kwano

Kakata Tumba ba ta yin tatsuniya don daɗin baki kawai. In ta ce a zo a ji labari, to wani ya yi laifi a gidan, kuma kafin ta kai ƙarshe mai laifin zai san kansa. Mu jikokinta mun san haka sarai, amma ba mu taɓa ƙin zuwa ba. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye wutar da take hurawa a ƙofar ɗakinta, a ƙauyenmu da ke kusa da Gatawa. Da ƙafa take tura kara cikin wutar, domin hannunta ba ya zama banza. Kullum da faifai a cinyarta, da basilla, da jiƙaƙƙiyar kaba a kasko.

Da saƙar faifan nan ta rufa wa kanta asiri tun rasuwar kakanmu. Zane ɗaya ne ya yi mata suna, ana ce masa ganuwa: jan zobe na rinin karan dafi, baƙin tsani a kansa, sai 'yar farar kafa guda da ta ce ita ce ƙofar gari. Wurin uwarta ta koya, uwar ma gadonsa ta yi, har dai a kai ga matan Alkalawa tun birnin bai zama kufai ba. Daga Isa zuwa Sabon Birni, jeren mace bai cika ba in babu ganuwar Tumba. Ni ce babbar jikarta mace, don haka ni aka zaunar in karɓi hannun. Shekarata goma sha ɗaya, kuma ban da haƙuri ko na anini.

Zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa ya riga ya kai Ƙauran Namoda, kuɗin gyaɗa sun fara shiga hannun mutane. Wata shekara wani akawun kamfani ya sauka a zauren maƙwabcinmu. Yawo yake kasuwa-kasuwa yana tara ƙwarya mai zane da ƙyallen saƙi da tabarma, kowane iri guda ɗaya. Mata suka yi ta yi masa dariya, wai ga ƙato yana haɗa kayan ɗaki ba amarya. A wurinmu baƙo ba ya kwana da yunwa, ko ba gidanka ya sauka ba. Kaka ta dama fura, ta rufe ta da faifan da ya fi kowanne kyau a ɗakinta, ta aika masa. Ko yaron goye ya san ƙa'idar: ka sha fura, ka mayar da ƙwarya da murfinta, ka sa albarka.

Ƙwarya ta dawo da sisi a ciki. Faifai bai dawo ba.

"Mi za ni yi da sisi nai?" in ji Kaka, tana juya kuɗin kamar ta tsinci kunama. "Hura na ba baƙo, ban kai faifai kasuwa ba. Ku tahi ku amso min abina."

Babanmu ya je, ya tarar mutumin ya hau kekensa tun da asuba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum ya sha furarka, ya ɗauke murfin, ya kuma yanke wa kansa farashi!

Bayan damina biyu na raka Kaka kasuwar Isa, ina ɗauke da faya-fayanta a kai. Muka tarar mata sun yi cincirindo a rumfar wani falke mai kai kaya har Maraɗi. Kwanuka ne ya jera, masu fenti, suna walƙiya a rana. Kaka ta kutsa, ta ɗauki murfi ɗaya, ta tsaya cak. Jan zobe, baƙin tsani, farar ƙofa.

"Malam, wanga zane na wa na?" ta tambayi falken.

"Na Turawa na, Iya. Daga bayan teku anka kawo shi. Ki diba da kyau, hannun mutum bai iya wanga aiki."

"Hannun mutum bai iya shi? To hannun jaki yay yi shi?" Ta dangwala yatsa a gefen jan zoben, inda launin ya ɗan koɗe. "Diba nan. Nan jar kabata taƙ ƙare, niƙ ƙara da wadda ba ta ji rini ba. Har kuskurena sunka kwashe!"

Ta ɗaga murfi na biyu, na uku, na huɗu. Kowanne da wannan tabon a wuri ɗaya. Mutane suka fashe da dariya, wata ta ce tsufa ne ya fara taɓa Tumba. Ni kuwa kunya ta kama ni, na ja gefe don kada a ce tare muke. Ranar faifai biyu kacal muka sayar.

Daga nan kasuwa ta mutu mata. In na kai faifai gida sai a ce mini, "Ki ba Kaka haƙuri, kwanonmu da murhi nai yaz zo." Matan da suka saba jiran layi a ƙofarta suka sayar da awaki suka sayi zanenta a hannun baƙo, suna alfahari wai na Turai ne. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya ƙona ta shi ne na shekarar da ta biyo: falke ya dawo da wasu kwanukan masu furanni, ya ce su ne ake yayi, masu ganuwa sun tsufa. Mata suka sake kama awaki. Wata rana Kaka ta shiga gidan suna, ta ga murfi mai zanenta a ƙasa, kaji suna shan ruwa a ciki. Zanen da ya ratsa kakanni bai tsufa ba, su sun tsufar da shi cikin shekara guda.

Da yammacin ranar ta miƙo mini basilla, ni kuma na ajiye ta a ƙasa.

"Kaka, wa ka sayen faifai yanzu?" na ce. "Ko na kwanon ma an bar yayi nai. Ni dai ba ni ɓata hannuna."

Ta ɗauki basillar ta ci gaba da saƙarta. Bayan magariba ta hura wuta, ta kira mu.

"Ga ta nan tahe," ta ce, "mai kunne shi matso."

Muka ce ta iso lafiya.

Wai a wani gari na zabi, kowace zabuwa da zanenta, ba mai raina na wata. Sai hawainiya ta zo baƙunta. Aka ba ta masauki, aka ba ta ruwa. Ta kwana bakwai tana juya ido, ɗaya gabas ɗaya yamma, tana ƙare wa zanensu kallo, sannan ta yi sallama. Ran kasuwa sai ga ta da riguna masu ɗigo-ɗigo fari da baƙi, ta ce daga ƙasa mai nisa ta kawo su, kowace riga ƙwai biyar. Zabi suka yi ta rububi, suna sa zanensu a kan zanensu. Wata tsohuwar zabuwa ta ce, "Ku diba jikinku mana!" Aka ce hassada ce.

Kasuwa ta zagayo, hawainiya ta rikiɗe ta koma kore, ta ce ɗigo-ɗigo ai na 'yan ƙauye ne. Zabi suka kawo ƙwai. Ta koma ja, suka kawo ƙwai. Ita ba asarar komai take yi ba, rikiɗa sana'arta ce tun haihuwa. Da damina ta faɗi, lokacin ƙyanƙyasa ya yi, aka duba gari kaf babu ƙwai ko ɗaya. Tun daga ranar, in ji Kaka, zabuwa ta manta yadda ake kwanci. Shi ya sa har gobe sai an kai ƙwanta ƙarƙashin kaza, 'ya'yanta su tashi suna bin wata uwa.

Nan ta tsaya, ba ta yi ƙurunƙus ba. Ƙanena ya ce, "Kaka, ta ƙare?"

"Ina taƙ ƙare? Hawainiya na kasuwa har yanzu."

Ni na san inda aka dosa. Na turo baki na ce, "Ni dai ba zabuwa ba ce."

Ta dube ni ta saman wutar. "A'a, Kulu," ta ce. "Ke ƙwan zabuwa ta."

Na tashi fuu na shige ɗakin innata. Ban sake taɓa basilla ba, ita ma ba ta sake miƙo mini ba. Ta ci gaba da saƙa wanda ba mai saye, har idonta ya gaza.

Da na yi aure an yi mini jere da kwanuka, na kuma yi ta canza su yadda kowa ke yi. Ban san yawan yayin da na bi ba, kuma babu kwano ɗaya da na fitar daga ɗakina don ya huje. Duk da ƙarfinsu na kore su, don kawai wani da bai san sunan garinmu ba ya sake launi. Shekara da shekaru ina tsine wa akawun nan, kuma ban janye ba, ɓarawo ne ko da ya bar sisi.

Bara jikata da ke karatun zane-zane a birni ta zo hutu. Ta ce malamansu sun tura su ƙauyuka su tattaro zanen gargajiya, wai za a sabunta shi a buga a jikin kayan sayarwa. Na ce ashe akawu ya bar baya. Ta yi dariya, ta ce ita ba don malamai take so ba, don kanta take so, in nuna mata na gidanmu.

Na sa aka samo kaba aka jiƙa. Na fara cibiyar faifan, hannuna ya tuna wannan. Da na iso inda jan zobe zai shiga, sai na tsaya. Ban san zagaye nawa ake yi ba, ban san ta inda tsanin ke tashi ba. Yarinya ta zuba mini ido tana jira, ni kuma ba wanda zan tambaya. Akawu faifai ɗaya ya ɗauka ya tafi. Sauran duk a hannuna suka salwanta.