Ulun Kaka da Aka Ƙona

Jiya a kasuwar Kafanchan na hangi tsohon maƙwabcinmu yana taya hular jariri, sai zuciyata ta tafasa.

Kakata takan zauna gindin mangwaro da kwarashinta, tana saƙa wa jariran cocinmu huluna kyauta. "Ku rufe masa kai, sanyin Kagoro ba wasa ba," in ji ta.

Da zazzaɓi ya kashe ɗan maƙwabcin nan namu, sai ya ce maita take saƙawa. Ya kwashe ulunta ya cinna masa wuta a gabanta. Har yau ina jin ƙaurin. "Bar shi, jikata," ta ce mini. Ba ta ƙara saƙa ba har ta rasu.

Ita ta yafe, ni ban yafe ba. Ubangiji ya ba ta hutawa, shi kuwa ya tsufa babu mai miƙa masa ko ruwa.