Kwalin Hajiya Ya Hana Ni Isa Wurin Mijina

Assalamu alaikum Edita, da ku 'yan uwana masu karatu. Ina roƙo a sakaya sunana da na unguwarmu, domin waɗanda zan yi magana a kansu suna raye, wasunsu ma katanga ɗaya ce ta raba mu.

A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce ta cikin gida, irin wadda sai ta yi wata guda ba ta leƙa ƙofar zaure ba in ba biki ko rasuwa ba. Karatuna bai wuce firamare da islamiyyar matan aure ba. Abin da na iya shi ne girki da raino da surutu. Maƙwabta har tsokanata suke yi wai ni ce rediyon unguwa, amma duk da haka a tsakar gidana kowace ke zuwa shan hantsi. Maigidana kuwa ya daɗe a Riyad yana ɗaurin ƙarfe a wani kamfanin gine-gine, sai in ya samu hutu mu gan shi. Ban taɓa sha'awar bin sa ba. Ni da motar Katsina zuwa Kano ke sa ni amai, me zai kai ni jirgi?

Sai ga waya wata rana daga abokin zamansa, cewa Malam ya faɗo daga saman gini, ƙugu ya karye, ƙafa ɗaya ma ta karye. An yi masa aiki, an sallame shi, yana kwance a wata unguwa da ake kira Manfuha, ko juyawa ba ya iya yi sai an juya shi. Na ce to a sako mini shi a jirgi mana, in yi jinyar abina a ɗakina. Aka ce ba zai yiwu ba, akwai maganar haƙƙinsa tsakaninsa da kamfanin, in ya bar ƙasar kafin a gama, shi ke nan ta bi ruwa. Ashe ni ce zan je. Wani ejan a Kano ya duba takardu ya ce iƙamar Malam, wato takardarsa ta zama a ƙasar, ta lebura ce, ba ta isa ya gayyaci iyali ba, sai dai a nema mini bizar yawon buɗe ido. Ita kuma 'yan watanni take ba mutum, in sun cika dole ya fita, ya dawo gida, a sake nema. Haka aka maƙala mini sunan 'yar yawon buɗe ido, ni da ko gidan gwamnan jiharmu ban san inda yake ba.

Abokansa, Allah ya saka musu, suka sama mana ɗan ɗaki a ƙasan wani bene. Yawon da na yi a Riyad yawanci bai wuce daga katifar Malam zuwa banɗaki ba, sai kasuwar Utaiƙa da ake kai ni wani lokaci in sayo kayan miya da ƙashin farfesu. In juya shi, in wanke shi, in zubar da fo, in dama kunun gyaɗa, in zauna ina zuba masa labarin unguwa har ya ce don Allah in bar shi ya yi barci. A hannuna ya fara zama da kansa. In biza ta kusa ƙarewa sai in taho gida in ga yara, in sake komawa. Ban taɓa ƙara ko yini ɗaya a kan abin da aka ba ni ba, amma kullum hatimi na ƙaruwa a fasfona, tsoro kuma na ƙaruwa a cikina.

Tsoron nan a falon wata Hajiya na kwaso shi. 'Yar garinmu ce, ta daɗe a Manfuha da iƙamarta, duk Juma'a mata ke taruwa a wurinta a sha shayi a ci dabino. Hirar ba ta wuce wadda aka mayar daga filin jirgi. Wannan ta ce in sun ga mutum ya cika shiga da fita sai su ce aikatau yake zuwa yi. Waccan ta ce a'a, fuska suke kallo, in sun ga alamar wahala shi ke nan. Ni dai ina gefe ina tunanin in aka mayar da ni, wa zai juya Malam? Hajiya ce ta dafa ni ta ce in kwantar da hankalina, ƙanwarta ce ni, ita za ta koya mini. Ta ce kada in kuskura in ambaci miji ko jinya, kalma ɗaya zan riƙe, siyaha, wato yawon buɗe ido. Har mota ta ɗauko wata la'asar, ta kai ni gaban wani dogon bene da wani lambu a unguwar Malaz, tana ba ni mayafanta ina canzawa tana ɗaukata hoto, wai don a ga kamar ranaku daban-daban ne. Tana ta yi mini tsiya wai in saki fuska, ba a taɓa ganin 'yar yawo da fuskar zaman makoki ba. Wallahi a ranar ji na yi kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Kun san halinmu da saƙo. Da zarar an ji za ki yi tafiya, kin zama motar kaya. A tafiyata ta ƙarshe, abin da na haɗa wa Malam bai cika jaka ɗaya ba: garin kunu, man shanu, yajin daddawa da kuka. Amma kafin ranar ta zo ɗakina ya cika. Wannan ta kawo kilishi a kai wa ɗanta, waccan busasshiyar kuɓewa a kai wa ƙaninta direba, kowace na cewa ɗan kaɗan ne, Maman yara, ba shi da nauyi. Ana gobe zan tafi sai ga wata ƙanwar Hajiya da ke nan garinmu a adaidaita sahu da kwali guda, an naɗe shi da salatif kamar gawa. Ta ce Hajiya na gaishe ni, ɗan yaji ne da kuka na yaranta. Babbar 'yata ta ɗaga kwalin ta girgiza, ta ce Umma, yaushe kuka ta fara ƙarar kwalba, a buɗe a gani mana. Na balbale ta da faɗa, na ce a gidan uban wa aka koya mata buɗe amanar mutane, matar da ta riƙe ni a ƙasar da ba ni da kowa? Yarinyar nan ta ɗaure mini kwalin da igiya.

Da muka sauka a Riyad na bi layi ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Jami'in ya buɗe fasfona, ya yi gaba ya yi baya, ya ɗago ya dube ni. Na ce siyaha tun bai tambaya ba, na miƙa masa waya da hotuna. Ya duba, na ga yana danne dariya, sai daga baya na lura takalmina ɗaya ne a duk hotunan, rana ma a wuri ɗaya take. Aka kai ni wani ɗaki, aka kawo kayana, aka kira wani ma'aikaci Bahaushe haifaffen can, mai Hausa a karye, ya yi mana tafinta. Ba wanda ya ɗaga mini murya, gaskiya ɗaya ce. Suka buɗe jakunkuna, ƙulli-ƙulli kowane da kamanninsa, suka dubi juna. Sannan aka sa wuƙa a kwalin Hajiya. Jama'a, ko ƙwayar barkono babu a ciki! Ƙananan kwalaben humra ne jere reras, da turaren wuta, da kayan mata a 'yan ledoji, kowane an manna masa takarda da farashinsa na riyal. Wani jami'i ya ɗaga leda ɗaya yana tambayar mene ne wannan, tafintan ya sunkuyar da kai, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Zaman da na yi a Manfuha ya sa kunnena ya tsinci Larabci kaɗan, sai na ji ɗaya ya ce wa ɗaya tijara. Kasuwanci ke nan.

Sai a lokacin na fashe da kuka na faɗi gaskiya, na ce mijina ne a kwance, ga sunan unguwar, ga abokinsa can a waje yana jirana da mota. Tafintan ya fassara, sannan ya juyo a hankali ya ce Inna, da wannan kika fara faɗa da wataƙila an duba, amma yanzu bakinki ya faɗi magana biyu, kwali kuma ya faɗi ta uku, wacce za su ɗauka? Na rantse ban san abin da ke ciki ba. Ya ce ya yarda da ni, amma sunana ne a jikin kayan. Aka ce jirgin da zai koma da shi zan koma. Na roƙa ko garin kunun nan a miƙa wa abokin Malam, aka ce ba a yin haka. Da na kira Malam, ashe ya sa an yi masa aski an saka masa farar jallabiya, an jingina shi da filo yana fuskantar ƙofa. Da na gaya masa, ya ce ba komai, in samu abinci in ci.

Ina zaune a kan kujerar ƙarfe ina jiran jirgi saƙon murya ya shigo daga Hajiya. Sannu ɗaya ta yi mini, ta zarce da tambayar ina kwali, an ƙwace ne ko yana hannuna, domin masu kaya sun dame ta. Masu kaya! Ba yara ba ne kuma? A bayan muryarta ina jiyo wata mata tana tambaya da Larabci nawa ne wannan, ana karkaɗa kwalabe. Ashe falon da muke shan shayi kanti ne, mu kuma masu zuwa jinya da jego mu ne jakunanta. Matar da ta fi kowa sanin abin da ke sa a mayar da mutum, ita ce ta ɗora mini shi a ka, kuma ba ta tambayi wa zai kwana da Malam ba.

Na dawo Katsina idona a kumbure, sai ga maƙwabta. Na ɗauka jaje suka zo. Wasu jajen ne, ban ɗauki alhakinsu ba. Amma akwai wadda ko zama ba ta yi ba ta ce to ina kilishin ɗanta, da ta karɓa kuma ta sansana ta ce ya fara wari, wai me ya hana ni sa shi a firiji. Ƙanwar Hajiya ta zo har tsakar gidana tana cewa ni ce ban iya magana ba, wasu sun sha wucewa da abin da ya fi wannan. Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba, 'yata ce ta riƙe ni.

Ejan ya ce in manta da biza yanzu, sunana ya riga ya shiga na'ura. Can kuma abokan Malam da asuba suke fita aiki, su ajiye masa gorar ruwa da waya a gefen katifa, sai magariba. Ba su gaza ba, amma ba za su bar abincinsu su zauna ba. Bayansa ya fara gyambo saboda rashin juyi, ƙafar da ta fara motsi a hannuna ta sake sandarewa. Mutumin da ya yi ta haƙuri don haƙƙinsa, da bakinsa ya ce a kawo takarda ya sa hannu, ya karɓi ɗan abin da kamfani ya ga dama, a kawo shi gida. A keken guragu na tarbe shi a Kano. Yanzu yana takawa da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce, ƙarfe kuwa ya ɗaura na ƙarshe. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, kuma wannan shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

Kwanakin baya na ji wata yarinya a bayan layinmu za ta je jegon yayarta a Riyad, kuma an ga adaidaita sahun nan a ƙofar gidansu. Ni da ba na fita, na zari hijabi, na ɗauki wuƙar yanka albasa, na tafi. Na gaishe da uwarta, na ce a fito mini da kwalin. Uwar ta ce haba Maman yara, amana ce fa. Na ce na sani, irinta ce ta gurgunta mini miji. A gabansu na farke salatif ɗin, kwalabe suka gangaro tsakar gida. Yarinyar ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Abin da nake so in gaya wa 'yan uwana mata, musamman masu zirga-zirga da bizar ziyara ko ta yawo saboda wani naku da ke kwance: tsoron a mayar da ku kada ya sa ku miƙa wuya ga duk wadda ta ce ta san hanya. Ku nemi takardar asibiti ku riƙe, in an tambaye ku ku faɗi abin da ya kawo ku, kada ku ari maganar da ba taku ba. Saƙo kuma, ko na uwar da ta haife ki ne, a buɗe shi a gaban mai shi. Wadda ta ji haushi ta ɗauki kayanta ta sayi tikiti. Ni kunya na ji ta minti ɗaya, ga shi kullum da safe ina jin ƙarar sandar Malam a kan siminti yana lallaɓawa zuwa alwala.