Yadda Aka Sa Hajiya Yalwa Cikin Marasa Ibada

Daga Zariya zuwa Kano

Na bar gida a Tudun Wada bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Wani kamfanin bincike ne ya ɗauke ni aiki: in bi gidaje a cikin birnin Kano ina yi wa mutane tambayoyi, ina shigar da amsa a wata ƙatuwar waya da suka ba ni. An gaya mana tambayoyin nan su ake yi a ƙasashe da dama, ba a canza ko harafi, a ƙarshe a jera sakamako a ga su wa suka fi jin daɗin rayuwa, su wa suka fi yarda da juna, su wa suka fi riƙo da addini.

Na sami kujerar gaba a wata motar haya, Sharon. Sau biyu aka tsayar da mu a shinge kafin Kwanar Dangora, inda na sayi dafaffen ƙwai na karya. Hantsi ya ɗaga muka sauka a Unguwa Uku, na hau a-daidaita-sahu zuwa Sheshe, gidan gwaggona, inda zan kwana.

Jakara

Mai duba aikinmu, Malam Sadi, ya tura ni Jakara. Na fara da wani dattijo baduku, Alhaji Uba, yana zaune a shagonsa cikin jakunkuna da takalman fata. Na karanto masa: daga ɗaya zuwa goma, yaya yake jin daɗin rayuwarsa?

"Alhamdulillahi," in ji shi.

"Baba, lamba suke so."

"'Yata, ni'imar Allah ake sa wa lamba? To, sa goma."

Na sa goma. Muna cikin hira ya ce matarsa tun damina take kwance, har keken ɗinkinsa ya sayar saboda magani. A wata ƙasar wanda motarsa ta ƙi tashi da safe zai iya cewa biyar, babu mai ganin ya yi wa Ubangiji butulci. Sai a ɗora goman Alhaji Uba kusa da biyar ɗin wancan, a ce mutanen Kano ba su da matsala. Nan raina ya fara ɓaci.

Na tambaye shi ko za a iya yarda da yawancin mutane. Ya girgiza kai ya ce, "Mutum tara yake, bai cika goma ba." Na danna "a'a". Ana kiran azahar ya miƙe, ya gitta sanda a ƙofar shagon, ya bar ni da kayansa duka, ni da bai taɓa gani ba, ya tafi masallaci.

Shahuci

Washegari, bayan na sha koko da ƙosai a wurin Gwaggo, na taka da ƙafa zuwa Shahuci. Gidan da ya faɗo mini na Hajiya Yalwa ne, tsohuwar da ke koyar da matan aure Alƙur'ani a tsakar gidanta tun kafin a haife ni. Na jira ta sallami ɗalibanta, sannan muka zauna a tabarma.

Muka zo kan tambayar da aka ce mana da ita ake auna riƙo da addini: sau nawa take zuwa wurin ibada?

"Masallaci? Sai dai Idi, in ƙafata ta bar ni. Ga ɗakina nan, a nan nake salla."

Abin da ya dace da amsarta a wayar shi ne "sau ɗaya ko biyu a shekara", dab da "ba na zuwa sam". Hannuna ya ƙi dannawa. Na fita soro na kira Malam Sadi, ya zo a babur.

"Malam, wannan tambayar ba ta dace da matanmu ba. Bari in tambaye ta sau nawa take salla."

"In kowa ya canza tambaya, da me za a kwatanta?"

"Yanzu me ake kwatantawa? Mai zuwa coci ranar Lahadi, da namiji mai bin jam'i, da mace mai salla a ɗakinta, mudu ɗaya za a auna su da shi?"

"Malama, tambaya aka ɗauke ki ki yi, ba sharhi ba."

Ya karɓi wayar ya danna da kansa. Na ce to ya riƙe ta, ni na gama. Bai roƙe ni ba, ya saka ta a jaka ya tayar da babur.

Na koma ciki na gaya wa Hajiya abin da aka shigar, da ma'anarsa a wurin masu karantawa. Ta dubi allunan da ke jingine a bango.

"To a cire sunana," ta ce.

"Ai ba a rubuta suna, Hajiya. Matan Kano kawai za a ce."

"Wannan ya fi muni. Da sunana ne, ni kaɗai aka yi wa ƙazafi."

Komawa gida

Na kwana a Sheshe, da safe Gwaggo ta ƙulle mini alkaki a leda, na kama hanyar tasha. Muka wuce Kura, muka miƙi hanyar Zariya. Kafin la'asar na shiga gida, babu aiki, babu ladan kwanakin da na yi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo da masauki, da Alhaji Uba da Hajiya Yalwa da suka ba ni gaskiyarsu. Ina neman afuwarsu kan inda aka kai gaskiyar tasu.