Hanyar gonar Baba ta Kakangi

Da aka sallamo Babanmu daga asibitin Kaduna, likita bai ɓoye mana komai ba: sankarar hanta ce, ta yi nisa, abin da ya saura shi ne a rage masa zafi. Ƙwaya ba ta zama a cikinsa, sai amai. Aka kwantar da shi a asibitin garinmu, Birnin Gwari, aka maƙala masa 'yar roba a jijiyar bayan hannu, ta nan za a riƙa ba shi allurar mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi.

Baba ya ce atabau. Shi fa ya ga 'yan bindiga da idonsa ranar da suka tashe mu daga Kakangi, suna watsa ƙwayoyi a baki, idanu jajur. "Abin da ke gusar da hankali ba zai shiga jikina ba," in ji shi. "So kuke in mutu ban iya kalmar shahada ba?" Yana faɗa yana murƙususu, gumi sharkaf. Raina ya ɓaci, wallahi har tsawa na yi masa, abin da ban taɓa yi ba.

Ni kuma Allah ya yi ni da bin diddigi. Na tsare nas ɗin, wata Bagwariya mai sanyin magana, na ce ta gaya mini tsakani da Allah, wannan ruwa ɗan mitsitsi da abin da mutanen daji ke sha, ɗaya ne? Ta ce akwai dangantaka, ba za ta yi mini ƙarya ba, amma nata da awo yake tafiya, daidai nauyin ciwo. Na ce to ina zafin yake zuwa? Ta yi dariya, ta ce ciwon yana nan, saƙonsa ne ba ya isa.

Ita ta samo dabara. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kaɗan zan sa, a hankali. In ya shiga, ka bi da ni hanyar gonarka da baki. Ka ɓata ko sau ɗaya, na daina."

Na zuba wa sirinjin ido. Kafin ta gama turawa, kafaɗunsa sun sauka. Ikon Allah! Ya rufe ido ya fara: ƙofar gida, rijiya, tsamiyar maƙera, kushewar kakansa, ɗorawa biyu, sai rafi. A nan ya tsaya ya ce wa nas ɗin, "Hankalina na nan, 'yata." Ya yi barcin da ya kwana biyar bai samu ba.

Haka aka riƙa yi duk allura. Ni ce alƙali, tunda na san hanyar, kuma bai taɓa tsallake ko kututture ba. Abin da ya ɗaure mini kai, kullum a rafi yake tsayawa. Na tambaye shi dalili, ya ce shekara uku rabonsa da gonar, tsoron abin da zai tarar yake yi.

Ran kwana na sha ɗaya, da hantsi, muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunne. Ya zo rafi, bai tsaya ba. Ya ce ruwa iya gwiwa, ya haye, ya shiga gonar, ya bi kunya ta fari.

"Dawa ta yi kyau," ya ce.

Sannan ya yi shahada, kalma bayan kalma, babu wadda ta faɗi.