Takardar Tsire da Ƙasar Bayan Teku

Shekarun baya, ina kolej a Madarumfa, wajen tsakiyar shekarun casa'in, na yi shekara biyu cur ina jiran wani wasan bidiyo ya fito. Abin da ya tuna mini, jiya na ga yara a nan unguwarmu suna ta ƙorafi wai an ɗaga ranar fitowar wani wasa da wata uku, har wani yana cewa an ɓata masa shekara. Na yi dariya, daga baya na daina, don abokina ya faɗo mini a rai.

Shi abokin nan nawa shan inna ya kama shi tun yana goye, ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba. Keken guragu yake tuƙawa da hannu, kuma duk wanda ya san yashin garinmu ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Yashin ne ma ya raba shi da lakwal, wato makarantar boko, tun a aji huɗu, ya koma rumfar kawunsa mai gyaran rediyo kusa da tasha. Allah ya ba shi hannu, ya kuma ba shi baki. In ya kama ka da tsokana, sai ka roƙe shi arziki.

Wata rana wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, da ke aiki a Ɗan Issa bakin iyaka ya kawo na'urar wasan ɗansa gyara. Kafin a taɓa ta aka canza masa wurin aiki zuwa arewa, ba wanda ya sake waiwayarta. Abokina ya buɗe cikinta, ya gano abin da ya ƙone, ya yi dabararsa ya haɗa ta da batirin mota da wata ƴar tele baƙi da fari. Kaset ɗaya tak aka bari a jikinta.

Ba wasan dambe ba ne, ba na tseren mota ba. Labari ne. Kai ne wani saurayin ƙauye da ya bar gida, kana bin gari gari, kana magana da mutane, kana tara abokan tafiya, kana faɗa da dodanni a daji, ƙarfinka yana ƙaruwa a hankali. In ka gaji ka ajiye a inda ka tsaya, gobe ka ɗora. Komai da Faransanci yake, shi kuma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Sai muka raba aiki: shi ke riƙe abin dannawa, shi ke tafiya, ni ina gefe ina karanta abin da mutanen ciki ke faɗi ina mayarwa Hausa, ina kuma zana taswira a wani tsohon kaye, littafin rubutuna na lissafi. Jarumin ma rabin sunana da rabin nasa muka haɗa muka raɗa masa.

Wata bakwai muka yi a kai, kowace Lahadi, sai in batir ya mutu. In mun tashi, abokina yakan yi miƙa ya dafa cinyarsa ya ce, "Kai, yau mun sha tahiya, ƙahwahuna sun gaji." Kawunsa ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya. Mahaifiyata kuwa cewa take na tafi gaida aljanun cikin kwalba, kuma in sun fara ba da dawa in zo mata da tiya guda.

Ranar da muka kai ƙarshe, jarumin ya kashe babban dodon, ya hau jirgin ruwa, jirgin ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Sai rubutu ya fito cewa labarin zai ci gaba a bayan teku. Muka yi tsuru muna kallon tele kamar waɗanda mota ta bari a tasha.

Bayan kamar wata biyu mahaifiyata ta aike ni Maradi. A hanyar dawowa na sayi tsire, mai tsiren ya naɗe mini a wani shafin mujallar ƙasar Faransa. Ina cikin mota ina lasar yatsa idona ya sauka a kan fuskar jaruminmu, ga ta nan da launi, mai ya jiƙa rabinta. Ashe gashinsa ja ne, mu da muka yi wata bakwai muna zaton furfura ce. A ƙasa an rubuta cewa kashi na biyu yana nan tafe a ƙarshen shekarar nan. Ƙananan hotuna huɗu ne: jirgin ruwa, wani birni a cikin ƙanƙara, wata mace da baka da kibiya, da kusurwar wata taswira. Saman shafin ya yage. Sauran tsiren ban san inda ya faɗi ba.

Abokina ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya sa na karanta masa sau uku, ya goge man da toka, ya danne ta a ƙarƙashin wata tsohuwar rediyo har ta miƙe. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Mu yi alkawali," ya ce. "Duk wanda ya same shi cikinmu, ba shi kunnawa sai ɗayan na nan. Tare munka hau jirgin ga, tare za mu sauka."

Na ce wannan ai ba sai an faɗa ba, na kama hannunsa.

Daga nan jira ya fara. Duk direban da zai ƙetara ta Ɗan Issa zuwa Katsina ko Kano sai mun nuna masa takardar. Wani ya kawo mana kaset na ƙwallo, wani ya kawo fim ɗin Indiya ya rantse shi ne, tunda akwai jirgin ruwa a jikin kwalin. Ƙarshen shekara ya zo ya wuce. Muka ce wataƙila Turawa ma suna saɓa alkawari.

Da la'asar nakan tura kekensa har bakin tafkin garinmu, mu zauna muna kallon masunta suna jan koma. A nan muka gina ƙasar bayan teku da bakinmu. Shi ya ce macen mai baka ƙanwar dodon ce, za ta ci amanarmu a tsakiyar tafiya. Ni na ce sam, ita jarumin zai aura. Muka yi sati biyu muna gardama a kan ko mutum zai iya noma a cikin ƙanƙara. Bai taɓa shiga ko kwalekwale ba, amma ya fi kowa sanin yadda teku take: tafkinmu ne da damina, in ji shi, sau dubu, ba lambu a gefe. Ban taɓa jin daɗin wani wasa ba kamar wannan da ba mu da shi.

A shekara ta biyu na ci jarrabawa, aka tura ni lise, babbar sakandare, a Yamai wajen ƙanin mahaifina. Ranar tafiya abokina ya zo tasha ya ba ni takardar a cikin leda. "Tahi da ita," ya ce. "Yamai komi akwai. In ka dawo hannu wohi kada ka gaishe ni."

A ajinmu akwai wani ɗan babban ma'aikaci da ke zuwa Faransa hutu. Sai da na yi wata biyar ina kewaye-kewaye kafin na nuna masa takardar, na tambaye shi ko ya ji labarin ranar da za a fito da shi. Ya duba, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Wasan ya fito tun yana firamare. Takardarmu ta shekara huɗu ce ko fiye, wurin da ya yage nan ne kwanan wata yake. Ashe jiran gawon shanu muka yi ta yi, abin da muke jira ya fito har ya tsufa. Washegari ya zo mini da kaset ɗin, ya ce in riƙe, shi yanzu na faifai yake yi.

Saura wata huɗu a yi babban hutu. Na sa kaset ɗin a ƙasan akwatina, na yi kwana biyar ina mutumin kirki. A na shida na ce wa kaina, to in na kai shi Madarumfa ya ƙi tashi fa? Ai gara in gwada, in ga jirgin ya taɓa ƙasa kawai in kashe. Na je gidan yaron, ya jona mini tsohuwar na'urarsa a tele mai launi. Jirgin ya taɓa ƙasa. Na ce bari in ga garin farko. Kwana tara na gama shi kaf, a guje, ba taswira, ba tsayawa gaida kowa. Da na ga ƙarshen ban ji komai ba sai kunya irin ta wanda ya ci abincin baƙo. Na goge inda na ajiye wasana tas, na ce shi ke nan, wa ya gani?

Na aika masa wasiƙa cewa an samu. Da na iso gida na tarar ya cika batir, ya wanke gilashin tele, ya sayi sabon kaye da bik biyu na rubutu. Rigarsa ta Juma'a ce a jikinsa, ranar kuwa Talata ce. Kawunsa ma ya ajiye aiki ya jawo kujera.

Ya hura kaset ɗin, ya yi bisimilla, ya danna. Jirgin ya fito. Jarumin ya sauka, abokina ya zaga da shi bakin ruwa sau uku kafin ya shiga gari, wai ƙafa ta saba da ƙasa tukuna. Ni kuma ina ta "kai!" da "ikon Allah!" na ƙarya.

A irin wasannin nan rubutu ba ya fitowa gaba ɗaya, harafi harafi yake zuwa. Na fassara maganar mai jirgi daidai, na fassara ta wata mai sayar da kifi. Sai ya je wajen wani tsoho a bakin rijiya. Bakina ya riga ni. Na ce, "Ya ce kada ka bi hanyar dutse sai ka samo fitila wajen maƙeri." Na rufe baki, rubutun bai ko kai rabin layin farko ba. Muka zauna mu uku muna kallon haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har suka iso kan fitilar da maƙerin.

Kawunsa ya tashi ya ce bari ya je masallaci, alhali da sauran lokaci. Abokina ya ajiye abin dannawa a cinyarsa. Bai dube ni ba.

"Har ina ka kai?"

Na ce, "Har ƙarshe."

"Kwana nawa?"

"Tara."

Ya gyaɗa kai. Na fara kame-kame, wai gwaji ne, wai tsoro na ji kada ya ƙi tashi. Ya ɗaga mini hannu.

"Ban ji haushin ka riga ni ba," ya ce. "Kowa na riga na. Yaro ɗan shekara ukku ma riga na shikai zuwa masallaci. Amma cikin abin ga ɗai ne nike gaba kana biye. Nan ɗai."

Can ya ce in ara masa ƙamus ɗina na Faransanci, zai lallaɓa shi kaɗai, kuma in na kuskura na faɗa masa ko macen mai baka ta ci amana, zai taka ni da keke.

Ba mu ɓata ba. Kullum ina rumfar, muna shan shayi, yana tsokanata wai na zama ɗan Yamai har tafiyata ta canza. Amma da ya hango ni tafe sai ya kashe tele ya rufa mata zane. Hutu ya ƙare bai fita daga gari na biyu ba, don kowace kalma sai ya bi ta cikin ƙamus.

Shekara guda ya yi a kai. Da na dawo hutu na gaba ya jawo kayen nan, ya cika shi fal da taswira da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Ya buɗe wani shafi ya ce, "Ka ga ƙauyen da ke bayan ruwan da ke zubowa daga dutse?" Na ce babu wani ƙauye a wurin, na wuce ta nan. Ya ce akwai, sai ka kutsa cikin ruwan, gida shida ne da wata tsohuwa mai ba da labarin uwar jarumin. Ya yi dariyar da na shekara ban ji ba, ya cire murfin bik da haƙori, ya yi rubutu a gefen ƙauyen, ya miƙo mini kayen ya ce kyauta.

Yanzu yana Maradi yana gyaran waya, da ƴaƴansa huɗu, Faransancinsa ya fi na wasu masu takarda. Muna waya kusan kowane sati. Amma tun ranar Talatar nan ba mu sake zama gaban tele ɗaya ni da shi ba, bai nema ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na nema ba. Ina da na'ura a ɗaki, wasa ya fito yau in same shi yau, sai dai ba wanda nake jira tare da shi, kuma na gane jiran nan a bakin tafki shi ne wasan. Ina kewarsa ƙwarai.

Kayen yana nan a akwatina tare da takardar tsire. In kewar ta taso nakan buɗe shafin nan in duba gidaje shida da ya zana, da abin da ya rubuta a gefe da jan bik: "Nan ba ka zo ba."